Zare a Baki

Jiya aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidan da muke haya a unguwar Malaz a Riyad, alamar za a rushe shi. Mai gadi ya ce mu fara neman wani wuri kafin zafi ya shigo. Na tsaya a saman bene ina kallon ƙofar da ke kusa da tamu, a rufe, babu labule, babu takalmi a bakinta, sai na ji ni kamar wata tsohuwa, alhali ban kai talatin ba. Garin nan haka yake, da wuri yake tsofar da mutum, domin abin da ka sani bara, bana an kwashe shi an shimfiɗa kwalta a wurin. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya faru a benen nan tun bangon yana tsaye. Ba zan faɗi sunan kowa ba sai na 'yata. Duk wanda ya taɓa zaman ƙasar mutane da iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu ya san dalili.

Na biyo mijina Riyad ban daɗe da gama sakandare ba. Shi ma'aikacin jinya ne a wani asibiti, ya fita da sassafe sai yamma. A lokacin filin jirgi yana cikin gari, nan kusa da mu, in jirgi ya tashi sai gilashin taga ya ɗauki rawa, kofunan shayi su yi ta ƙara a kan faranti. Mai iskar gas yakan bi layi yana buga ƙarfe a jikin tukunya. In an kira salla sai ka ji ƙofofin shaguna na ƙarfe ana jan su ƙasa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen titi, daga nan gari ya yi tsit, sai ɗigar ruwan kwandishan a kan kwano. Akwai wani ɗan Yaman mai baƙala, wato shagon kayan masarufi, a ƙasan gidanmu, ya san kowa da irin madarar da yake sha. Yanzu an mai da filin jirgi can arewa bayan gari, shagon ɗan Yaman ya zama wurin sayar da kaset, mutane kuma sun koma manyan kantuna inda ba mai tambayarka yaya gida. A waɗancan watannin na farko dai ba na ganin daɗin komai. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, ga ni a ɗaki biyu da falo, ba mai sallama. In na gama shara da wanke-wanke sai in zauna in yi kukana, in wanke fuska kafin ya dawo.

Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne ƙarar keken ɗinki. Bangon da ke tsakanin falonmu da gidan maƙwabta kamar kwali yake, in dai ba a kunna kwandishan ba har tari ana ji. Kullum da hantsi sai keken ya fara, ya tsaya, ya ci gaba, kamar dai na telan ƙofar gidanmu can gida. Na san Turawa ne a ciki, wani injiniya mai furfura da matarsa, amma ban taɓa tunanin Baturiya tana taka keke ba.

Abaya ce ta haɗa mu. Mijina ya sayo mini ita ba tare da ni ba, ta fi ni tsawo. Ranar nan ina hawowa bene da burodin tamis a hannu na taka bakinta, na kife a gaban ƙofarsu. Ƙofar ta buɗe, wata gajeriyar mata mai farin gashi, da tef ɗin awo a wuya, ta dube ni, ta dubi abayar, ta ce da Turanci, "Wa ya saya miki wannan, maƙiyinki?"

Na ce, "Mijina ne."

Ta ce, "Ai na faɗa. Shigo."

Ta ɗora ni a kan wata 'yar kujera, ta durƙusa da fil a baki tana kalmashe bakin abayar. Da ta ɗauko allura sai na ja da baya, na ce bari in cire tukuna, domin a gidanmu kakata ba ta yarda a ɗinka tufa a jikin mutum. Ta ɗago kai ta dube ni sosai. Ta ce, "Kakarki ta san abin da take yi." Sai ta tsinko ɗan guntun zare ta miƙo mini. "Sa a baki. Tauna. Kada ki daina sai na gama."

Na yi dariya, na ce na mene ne?

"Gawa kaɗai ake ɗinka wa tufa tana kwance shiru. Ke mai rai ce, to bakinki ya motsa a gani. Tauna, yarinya, ba ni da yini guda."

Na tauna. Da ta gama ta ce, "Gobe in kin gama kukan, ki zo ki riƙe mini yadi. Kukan naki yana ɓata mini awo." Kunya kamar in nutse. Ashe yadda nake jin kekenta haka take ji na.

Tun daga ranar na sa mata suna Inna. Ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata, ta ce to ta karɓa. A hannunta na koyi yanka da haɗa hannun riga da sa zif. Ba ta da haƙurin koyarwa ko kaɗan. In na yi ɗinki ya karkace sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan wa za a sa wa, raƙumi?" ta warware shi tas. Takan ce a duba bayan riga kafin gabanta, wai a nan ake gane ko tela yana jin kunya. In mijinta ya samu sarari yakan kai mu Dira sayen yadi, ya zauna a mota da jarida, mu kuma mu shige lungunan kasuwa cikin ƙamshin turaren wuta da hel da ake sa wa gahawa. Larabcin Inna bai wuce "kam" da "gali" ba, wato "nawa" da "ya yi tsada", amma da su take sa mai shago ya rantse ya sake rantsewa, a ƙarshe ya rage. Da na haifi Ummi, ita ta yi mini zaman da uwa take yi. Ba ta iya kunun kanwa ba, sai ta yi ta ɗura mini romon kaza, tana cewa a garinsu shi ne maganin komai har da baƙin ciki. Na sha tambayarta ina ne garin nasu, domin Turancinta ba irin na mijinta ba ne. Takan ce, "Ingila," in na matsa ta ce, "Kafin nan wani wuri mai sanyi. Miƙo almakashi."

A hankali matan 'yan ƙasarmu suka fara kawo mini ɗinki, ina yi a keken Inna. Yau in ka shiga kantunan Olayya riguna ne a rataye an gama ɗinka su a wata ƙasa, ka ɗauka ka biya ka fita, ba wanda ya taɓa jikinka. A lokacin kuwa gwajin riga hira ce ta yini guda. Kuma duk wadda na gyara wa riga a jikinta sai na ba ta zare ta tauna. Ya zame mini jiki, ba na ma sanin na yi. Matan su yi ta dariya suna cewa, "Maman Ummi da camfin Turawa." Mijina ma ya ce camfi ne, na ce na sani, rai a hannun Allah yake, amma ai ba zunubi ba ne mutum ya tauna zare.

A sanyin bara ne matar wani likita ɗan ƙasarmu ta haihu, aka fitar da anko. Shugabar ma'aikatan jinya ta sashen mijina, wadda suke kira Metiron, ta ce ita ma sai ta sa. Baturiya ce 'yar Beljiyam, doguwa, ba ta cika dariya ba, kuma ita ke rubuta bayanin da ake dubawa kafin a sabunta wa mutum kwantiragi. Mijina ya ce, "Maman Ummi, don Allah ki yi ɗinkin nan kamar za a kai gasa." Direban asibiti ya kawo ta gwaji da la'asar. Rigar ta zauna, sai dai kafaɗa ta ɗan sauka. Na ɗauko allura, na tsinko zare na miƙa mata, na ce, "Sa a baki ki tauna."

Ba ta karɓa ba. Ta tsaya tana kallon zaren a tafin hannuna, fuskarta ta yi fari fat, sai gani na yi ta zauna a ƙasa, a kan darduma, da atamfar a jikinta da fil da komai.

"Wa ya koya miki wannan?"

Muryarta ce ta tsorata ni. Ba ta yi ihu ba, amma ta riƙe mini wuyan hannu har ya yi zafi. Na buɗe baki zan ce maƙwabciyata, sai wani abu ya riƙe harshena. Na ce wasa ne kawai na teloli. Ta ce, "Ba wasa ba ne. Wa?" Allah ya taimake ni Ummi ta farka da kuka, direba kuma ya yi ta danna hon a ƙasa. Ta cire rigar ta tafi, ko sallama babu.

Na ɗauki Ummi na shiga wurin Inna ina ba ta labari, ina jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tashi ta murɗa makulli, ta kunna kwandishan cikin wannan sanyin don ƙararsa ta rufe magana, ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yata, zaren nan ba na Turawa duka ba ne. Na gidanmu ne. Uwata ce take yi, da uwarta. Ni Bayahudiya ce."

Ba zan yi ƙarya ba, jikina ya mutu. Kalmar nan ban taɓa jin ta a bakin wanda yake nufin alheri ba. A makaranta in yaro ya cika mugunta da ita ake zaginsa. A talabijin kuma kullum ga gidajen Falasɗinawa a rushe, ga uwaye suna kuka. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai wannan sunan tana iya zama gajeriyar tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ta wanke wa 'yata kashi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Amma ai ke Baturiya ce."

Ta yi wata irin dariya. Ta ce, "Haka ubana ya ɗauka shi ma."

Sai ta ba ni labari, a gajarce, tana kallon keke. An haife ta a wani gari a gabashin Turai inda kakanninta suka yi ɗaruruwan shekaru. Ubanta ya yi wa ƙasar aikin soja, yana alfahari da ita. Da aka ga yaƙin duniya na biyu na tafe, aka samu hanyar fitar da wasu yara zuwa Ingila ba tare da iyayensu ba. Ranar tafiya uwarta ta ga kwat ɗin ya yi mata yawa, ta durƙusa a tashar jirgin ƙasa tana kalmashe shi, ta sa mata zare a baki. Ganinta da ita na ƙarshe ke nan. Jamusawa suka kwashe su duka, har ƙanenta jariri, ba wanda ya dawo. A Ingila ta girma, ta sauya suna, ta auri Kirista, ta haifi 'ya'yan da ba su san kalma ɗaya ta yaren uwarta ba. Ta ce ta koma garin sau ɗaya bayan yaƙi, ta tarar da labulen wasu a tagarsu, matar gidan ta leƙo ta ce, "Ashe akwai sauranku?" Ta ce a Ingila har gobe ana tambayarta daga ina take, a can kuma an riga an ba ta amsa.

Na ce, to ƙasar Yahudawa can da ake faɗa a labarai fa? Ta ce ba ta taɓa taka ta ba. Ta ce in an nuno yaran Falasɗinawa a talabijin ita ma kashewa take yi, domin ta san yadda yaro yake tsayawa in ba shi da inda zai koma.

Sannan ta faɗi abin da ya fi damunta. A iƙamarta addinin mijinta aka rubuta. Kowa a cikin baƙi ya san abin da ake faɗa, cewa irinta ba a ba su izinin shigowa. In magana ta fita, ita da mijinta sai filin jirgi, saura shekara guda ya gama aikinsa ya samu abin da zai ci a tsufa, mu kuma da muke shiga gidanta ba wanda ya san tambayar da za a yi mana. Ta ce, "Abin da na koya ina ƙarama shi ne, mutum biyu ne ke gane al'adar gidanku: naku, da wanda ya taɓa farautar naku. Ban san wace ce wannan matar ba. Na ba ki amana."

Na ɗauki Ummi na fita. Kwanaki ban shiga gidanta ba, ita ma kekenta ya yi shiru. In na ji motsinta a bene sai in tsaya bayan ƙofa har ta wuce. Ummi ta yi ta buga bango tana kiran Inna. Ina salla ina roƙon Allah ya nuna mini abin yi, kuma duk lokacin da na ɗaga hannu ba abin da ke zuwar mini sai kwanon romon kaza. A gefe guda ga mijina, kullum ya dawo da saƙo. "Metiron ta sake tambaya. Wai wa ya koya miki abin zaren nan? Ke ki gaya mata mana, mene ne a ciki? Wata mai zuwa za a duba kwantiragina, kin sani." Na ce na manta. Ya dube ni ya ce, "Ke da ba kya manta kuɗin cefanen bara?" Ya san daga ina na koyi ɗinki, da ya ga dama da ya faɗa da kansa. Amma ya ga fuskata, bai ƙara tambaya ba, kuma bai faɗa ba. Wannan ina riƙe da shi a raina har yau.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, Metiron ce, ita kaɗai, ta ce ta zo karɓar riga. Na ce ta shigo. Na kawo shayi, rabi ya zube a faranti. Ba ta sha ba. Ta zauna a falo, bayanta jingine da bangon nan, ta ce ba ta zo a matsayin shugabar mijina ba, in saurare ta kawai.

Ta ce ba ta san wanda ya haife ta ba. Lokacin yaƙi aka kai ta wurin matan coci masu lulluɓi, waɗanda ba sa aure, tana 'yar ƙarama. Daga baya wasu manoma suka ɗauke ta, suka riƙe ta da kyau, suka ce iyayenta bom ne ya kashe su, kada ta ƙara tambaya. Ta tashi tana zuwa coci kamar kowa. Abu ɗaya kawai ta riƙe daga kafin nan: tana tsaye a kan tebur, wata mata ta durƙusa a gabanta da fil a baki, ga ɗanɗanon zare a harshenta, matar tana faɗin wata magana da ba Faransanci ba. Fuskar ma ta ɓace mata, sai zaren. Matar da ta riƙe ta ta ce mafarki ne. Ta ce duk garin da ta yi aiki sai ta shiga shagon tela ta sa a gyara mata riga a jikinta, ko wani zai miƙo mata zare. Ba wanda ya taɓa yi, sai wata 'yar Najeriya a Riyad.

"Ina da zato," in ji ta. "Na daɗe da shi, ina jin tsoronsa. Ba na neman kowa da sharri. Na kusa hamsin, ina so in san 'yar wace ce ni."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Zuciyata ta gaskata ta. Amma na tuna ni ba a farauci uwata ba, ban san yadda mafarauci yake magana ba, wataƙila shi ma yana kuka. Kuma sirrin ba nawa ba ne. Na ce, "Ranki ya daɗe, na ji, kuma wallahi na tausaya miki. Amma amana aka ba ni. Ba zan iya faɗa ba." Ina faɗa ina ganin mijina da akwati a filin jirgi.

Ta miƙe tsaye. Sannan ta share fuska, ta ce, "Na gane." Ta sa rigar ankon a kan kayanta don ta ga kafaɗar, ta ɗauki abayarta a hannu, na raka ta bakin ƙofa.

Muna fitowa sai makullin ƙofar kusa ya motsa. Sai a lokacin na tuna sanyi ake yi, ba kwandishan ko ɗaya a kunne. Inna ta fito da tef a wuya. Ba ta dubi fuskar Metiron ba, rigar ta duba. Ta ce, "Wa ya yi wannan kafaɗar? Shekara nawa ina koya miki, yarinya? Ku shigo."

Ta ɗora wannan doguwar mata a kan 'yar kujerar da ta taɓa ɗora ni, har kanta ya kusa taɓa fanka. Ta zura zare a allura, sai da ta yi ta gwadawa kafin ya shiga. Ta tsinko guntu ta miƙa sama, ta faɗi wata magana a yaren da ban taɓa ji a bakinta ba. Metiron ta yi wani sauti kamar an taka ta. Ta karɓi zaren ta sa a baki, ta ce, "Sake faɗa." Inna ta sake. Metiron ta ce, "Shi ne. Haka ta ce." Ta tauna, hawaye na zuba a kan atamfar ankon, Inna kuma tana ɗinki tana faɗa da ita wai ta tsaya cak kada ta soke ta. Kafaɗar nan ba abin da ya same ta, na riga na gyara. Na ja Ummi muka koma gida na ɗora tukunya, domin na ga ba mai tafiya da wuri.

Ba abin da ya biyo baya. Ba wanda ya zo, ba wanda ya tambaya, an sabunta wa mijina kwantiragi kamar kowa. Amma tsoro ba ya jin an ce masa an gama. Har yau in aka ƙwanƙwasa da hantsi sai gabana ya faɗi. Abin da ya canja shi ne duk Alhamis Metiron tana zuwa, wai koyon ɗinki, ita da ko maɓalli ba ta iya sawa ba. Ta bango nake jin su, Inna na faɗin kalma, ita tana maimaitawa, Inna na cewa, "Ba haka ba, kamar akuya kike yi." Da ta je hutu ta nemi gidan matan cocin nan, ta samu wata tsohuwa a cikinsu da ta tuna an kawo wata yarinya da riga mai kyakkyawan ɗinki. Iyakar abin da ta samu ke nan zuwa yanzu, amma ta ce za ta koma. Ta ce ba ta daina zuwa coci ba, kuma ba ta san me za ta kira kanta ba. Inna ta ce, "Sannu da zuwa, mu ma haka muke."

Ni kuwa na koma gidan Inna washegarin ranar da suka haɗu, da yadi a hannu kamar ba abin da ya faru. Na fara kame-kamen ba ta haƙuri kan kwanakin da na ɓuya, ta ce, "Na ji abin da kika gaya mata. Miƙo almakashi."

Watan jiya aikin mijinta ya ƙare. Ta bar mini keken. Muka raka su sabon filin jirgi, ni da mijina da Ummi da Metiron. Wuri ne mai faɗi, ga maɓuɓɓugar ruwa a cikin gini, ga 'yan sanda ko ta ina. Inna ta fito da kwat daga jaka saboda sanyin can, ta ɗora a kan abaya, sai na ga maɓallin sama yana lilo da zare ɗaya. Ba na rabuwa da allura a jaka. Na ce, "Inna, tsaya, ba za ki shiga Ingila haka ki ba ni kunya ba." Na waiga na ga mutane, na ga ɗan sanda a bakin ƙofa, na yi niyyar in ɗinka kawai in yi shiru.

Kafin in soka allura ta riga ta buɗe baki. Na tsinko zaren na sa mata. Metiron ta sunkuyo ta faɗi maganar nan a hankali, a yarensu. Inna, da zare tsakanin haƙora, ta ce, "Har yanzu kamar akuya." Ummi, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ta ja mini abaya ta ce, "Lesh Inna take cin zare?"

Na ce, "Don a ga tana da rai."

Na ɗinka, maɓallin ya zauna. Inna ta juya kwat ɗin ta duba bayan ɗinkin, ta daɗe tana dubawa, ba ta warware ba.